LIKITANCIN AL'UMMA: DAGA INA YA FARO, ME YA SA YAKE ZAMAN ƊAN BORA A MAKARANTUN LIKITA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau zai ratsa wani fage da ba mu saba shiga ba. Dalili kuwa, na san akwai ɗaliban likitanci da na aikin jinya da yawa a cikinku, akwai kuma iyayen da ke ɗauke da nauyin karatun. Duk wanda ya zauna da waɗannan ɗalibai ya ji yadda suke maganar wani kwas da ake kira likitancin al'umma. Shi ne kwas ɗin da ake kai su ƙauye na 'yan makonni, su ƙirga rijiyoyi da masai, su auna yara, su dawo. Da yawansu hutu suke ɗaukarsa. Zuciya tana can ɗakin tiyata, inda ake ganin nan ne likitancin gaske yake. To wannan kwas da ake rainawa yana da tarihi, kuma tarihin nasa cike yake da rigima, da kora daga aiki, har da gudun hijira. Ku biyo ni a hankali.

Mu fara da ma'ana. Likitan asibiti tambayarsa ita ce: me ke damun wannan mutumin, wane magani zan ba shi? Mai likitancin al'umma yana ƙara wata tambayar a kai: me ya sa wannan cutar take kama mutanen wannan unguwa ta bar na waccan, kuma me ya sa wanda muka sallama watan jiya ya dawo da ita? Wato yana bin cutar har gida, har wurin sana'a, har cikin tukunya da aljihu. Ba sabon tunani ba ne. Tun shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, ya ce likita ya riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi. A 1790 kuma Johann Peter Frank ya yi lacca a jami'ar Pavia inda ya kira talaucin jama'a da uwar cututtuka. Amma waɗannan duk share fage ne.

Abin ya kankama ne lokacin da masana'antu suka cika biranen Turai da leburori. A Faransa, Louis-René Villermé ya bi unguwannin Paris yana lissafin mace-mace, yana neman dalili a iska da tudu da kusanci da kogi, sai ya tarar abin da ya fi bin sawun mutuwa shi ne talaucin unguwa. A Ingila, rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya fito da alƙaluman da suka girgiza mutane: a Liverpool, matsakaicin shekarun da ake mutuwa a gidajen manya 35 ne, a gidajen 'yan kasuwa 22, a gidajen leburori 15. A lura da kyau, wannan ba ya nufin lebura yana cika shekara 15 ya faɗi matacce. Yawan jariran da ke mutuwa ne ya ja lissafin ƙasa. Amma ai shi ma wannan ɗin ya isa abin kuka.

Shekarar 1848 ita ce shekarar da ya kamata ɗalibi ya riƙe. A watan Maris ɗinta wani likita Bafaranshe, Jules Guérin, ya yi amfani da sunan likitancin al'umma a wata mujallar likitoci ta Paris. A daidai wannan lokaci kuma wani abu ya faru a Jamus wanda shi ne ginshiƙin darasin nan.

Akwai wani yanki da ake kira Silesiya ta Sama, a lokacin yana ƙarƙashin daular Prusiya, yau yana cikin Poland. Mutanensa talakawa ne masu magana da harshen Poland, masu mulkinsu kuma Jamusawa. Dankalin turawa shi ne abincinsu, ya lalace shekaru a jere, yunwa ta shigo, sai annobar zazzaɓin taifos ta biyo baya. (Kar a haɗa shi da taifot da muka sani, wannan kwarkwata ce ke yaɗa shi.) Surutu ya yi yawa a jaridu, sai gwamnati ta tura wani matashin likita daga asibitin Charité na Berlin, mai suna Rudolf Virchow, ya je ya duba. Shekararsa 26. Abin da ake jira daga gare shi sananne ne: ya zo da rahoto a ƙara likitoci, a ƙara magani, a rufe fayil.

Ya yi kamar mako uku a can. Ya shiga bukkoki ya ga mutane da dabbobi suna kwana ɗaki ɗaya, ya ga marayu, ya fiɗe gawarwaki, ya rubuta bayanin cutar dalla-dalla yadda likita ya kamata ya yi. Da ya zo wajen magani kuwa, sai ya rubuta abin da ba wanda ya aike shi. Ya ce a ba mutanen nan ilimi da harshensu. A ba su ikon tafiyar da al'amuran garuruwansu. A ɗauke haraji daga kan talaka a ɗora wa mai hali. A yi hanyoyi, a gyara noma, a kafa ƙungiyoyin gama kai, a tanadi rumbunan abinci saboda shekarar fari. Ya ɗora laifin a kan ma'aikatan gwamnati da masu manyan gonaki, bai kuma ƙyale limaman coci ba, ya zarge su da barin jama'a cikin duhun kai. Wannan na ƙarshen, duk wanda jama'a ke zama su saurare shi, a ko'ina yake, ya kamata ya ɗan tsaya a kansa.

Wani abin mamaki shi ne Virchow bai san kwarkwata ce ke kawo cutar ba. Sai a 1909 Charles Nicolle ya gano haka a Tunis, bayan ya lura cewa majiyyaci yana daina harbin mutane da zarar an yi masa wanka an canza masa tufafi. To ka duba: wa kwarkwata take kamawa? Wanda ba shi da rigar canji, ba shi da itacen dafa ruwan wanka a lokacin sanyi, suna kwana su goma a ɗaki. Ka ga mutumin bai san sunan ɓarawon ba, amma ya gane ƙofar da yake shigowa.

Kwana kaɗan da dawowarsa juyin juya hali ya ɓarke a Berlin, ya shiga ciki. Ya kafa wata mujalla ta gyaran likitanci tare da abokinsa Rudolf Leubuscher, a cikinta ya yi maganar da har yau ake jingina masa, mai nuna cewa likitanci ilimin zaman jama'a ne, siyasa kuma likitanci ce a babban faifai, likita kuwa lauyan talaka ne tun asali. Juyin ya sha ƙasa, mujallar ta mutu a 1849, aka matsa masa a wurin aiki har ya bar Berlin ya koma Würzburg. Ya dawo a 1856, ya zama uban ilimin nazarin cuta a matakin ƙwayar halitta, wanda kowane ɗalibin likita yake haddace sunansa. Kuma shi ne ya tsaya a majalisar birni har aka gina wa Berlin magudanan ƙazanta. Ɗalibai sun san Virchow na madubin likita. Na Silesiya kuwa, sai ka tambayi aji guda ba ka samu wanda ya taɓa jin labarinsa ba. Wannan ma kaɗai ya ishe ka gane inda karatun ya karkata.

Me ya kawo karkatar? Nasara ce, ba mugunta ba. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, ba da jimawa ba ya gano ta kwalara. Duniyar likitanci ta ruɗe da murna, kuma da gaskiyarta. Ga cuta, ga ƙwayarta, saura a nemo abin da zai kashe ta. Wa zai tsaya dogon turanci a kan albashi da gidan haya? Sai dai abin da ya faru a Hamburg a 1892 ya nuna tsugune ba ta ƙare ba. Kwalara ta shiga birnin ta kashe mutum wajen 8,600 cikin 'yan makonni. Maƙwabciyarta Altona, wadda titi kawai ya raba su, kuma tana shan ruwan kogin Elbe ɗin nan ne a ƙasan inda Hamburg ke zuba ƙazantarta, ta tsira da ɗan kaɗan. Bambancin? Altona tana tace ruwanta da yashi. Hamburg kuwa attajiran da ke mulkinta sun yi shekaru suna jan ƙafa a kan kuɗin matatar ruwa, kuma da cutar ta ɓulla suka yi jinkirin sanarwa don kada a rufe tashar jiragen ruwa. To wa ya kashe mutanen, ƙwayar cuta ko majalisar birni? Duk wanda ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya bai fahimci labarin ba.

Ba zan ɓoye muku wani tabo ba. Alfred Grotjahn, wanda ya zama farfesan wannan fanni a Berlin a 1920, yana cikin masu ra'ayin a hana wasu mutane haihuwa wai don gyaran iri. Daga baya 'yan Nazi suka kai irin wannan tunani inda aka sani. Likitan da ya saba kallon jama'a a dunƙule yana iya mance cewa kowane lamba a takardarsa ɗan wani ne. Wannan haɗari ne na gaske a fannin, kuma ya kamata a koyar da shi tare da nasarorin.

Yanzu mu shiga makaranta. Tsarin karatun likita da ake bi a yawancin duniya yau, wato a fara da shekarun ɗakin gwaji da fiɗar gawa sannan a wuce gadon asibiti, ya samu ƙarfinsa ne daga rahoton Abraham Flexner na 1910. Shi ba likita ba ne, malamin makaranta ne. Gidauniyar Carnegie ta tura shi ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada, ya tarar da yawansu kasuwanci ne kawai, ka biya kuɗi ka karɓi takarda. Ya ce a ɗauki jami'ar Johns Hopkins a matsayin abin koyi. Gyara ne babba, ba mai musu. Amma ya zo da asara. Makarantu masu yawa sun rufe, cikin guda 7 na baƙaƙen fata 2 kawai suka rage, Howard da Meharry. Sannan a 1916 aka kafa makarantar kiwon lafiyar jama'a ta daban a Johns Hopkins ɗin da kuɗin gidauniyar Rockefeller. Daga nan aka raba gari: mai magani yana wannan gini, mai rigakafi yana wancan. Shi kansa Flexner ya rubuta cewa aikin likita yana komawa na al'umma da rigakafi, amma ba wannan shafin aka riƙe ba.

An yi ta ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka. A 1943 John Ryle, babban likita da ke riƙe da kujerar farfesa mafi daraja a Cambridge, ya ajiye ta ya koma Oxford ya zama farfesan likitancin al'umma na farko a Ingila. Abokan aikinsa da yawa sun ga kamar ya sauka daga doki ya hau jaki. A 1944 kwamitin Goodenough ya ba da shawarar fannin ya ratsa dukkan karatun likita. Ryle ya rasu a 1950, cibiyar tasa ba ta daɗe a bayansa ba. Abin da ya rage a yawancin makarantu shi ne sashe guda, da 'yan laccoci, da jarrabawa.

Inda aka gwada abin da gaske, abin mamaki, a Afirka ne. A 1940 wasu matasan likitoci mata da miji, Sidney da Emily Kark, suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela, wani ƙauyen Zulu a gindin duwatsun Drakensberg a Afirka ta Kudu. Ba su zauna jiran marasa lafiya ba. Suka horar da 'yan gari, aka bi gida gida ana rubuta wa ke ciki, me ake ci, ina ake ɗebo ruwa, wa aka haifa, wa ya rasu. Aka kafa lambunan kayan miya a gidaje, aka haƙa masai, aka riƙa ba yara madara. Likitan da ya duba yaro da safe ya san gidansu da yamma. Cikin kamar shekara 10 mutuwar jarirai ta ragu da fiye da rabi. Kark ya kuma yi rubutu a kan tunjere, ya nuna cewa tushen yaɗuwarta shi ne tsarin da ke kwashe mazaje zuwa ramukan ma'adinai na wata da watanni a bar mata a ƙauye, don haka allura kaɗai ba za ta ƙare ta ba. An buɗe cibiyoyi irin wannan sama da 40, aka fara koyar da ɗaliban likita a Durban a kan tsarin. Sai gwamnatin wariyar launin fata ta hau a 1948, ta riƙa shaƙe shirin a hankali. Kafin 1960 su Kark sun bar ƙasar.

Amma iri ya riga ya faɗi a ƙasa. Wani ɗalibin likita Ba'amurke, Jack Geiger, ya je Pholela a 1957 ya ga abin da ake yi. Da ya koma gida ya kafa irin wannan cibiya a Boston a 1965, sannan a Mound Bayou cikin jihar Mississippi, tsakiyar baƙaƙen fata masu aikin gonar auduga. Da ya ga yara suna zuwa da tamowa, sai ya riƙa rubuta musu abinci a takardar magani, madara da ƙwai da nama, a karɓa a kanti a cire daga kasafin magunguna. Hukuma ta turo a tuhume shi. Amsar da ya bayar ita ce, shi dai a littattafan da ya karanta, maganin yunwa abinci ne. Ku duba fa, Amurka ce ta koyi darasi daga ƙauyen Afirka, ta hannun ɗalibi da aka tura irin wannan fita da yaranmu suke ɗauka hutu.

Sauran tarihin zan bi shi da sauri. Thomas McKeown ya nuna cewa mutuwa daga tarin fuka a Ingila ta riga ta faɗi ƙwarai kafin a samu maganinta a ƙarshen shekarun 1940. Shi ya ce ingancin abinci ne, wasu masana suka ce ya tauye haƙƙin ruwa mai tsabta da gyaran gidaje, har yau ana muhawara. A 1978 ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata suka amince da kiwon lafiya matakin farko. Binciken Whitehall da aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati a Landan ya gano cewa na ƙasan tsani suna mutuwa ninki uku na na sama, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, alhali duk suna da albashi da asibiti kyauta. Wato ba rashin abinci kaɗai ba ne, har matsayi da ikon mutum a kan rayuwarsa suna shiga jini.

Mu a nan mun gaji tsarin ne ta hanyar Ingila, don makarantar likita ta Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin jami'ar Landan take bayarwa da farko. Ita ce kuma ta fara kai ɗalibai ƙauye a Igbo-Ora tun 1963. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a jere a ƙarshen shekarun 1970, aka buga sakamakon a 1985. Likitan mata ne, mai wuƙa a hannu, amma abin da alƙalumansa suka nuna shi ne matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su yi makaranta ba, ba su zo awo ba, aka kawo su a makare. Sai ya ƙare yana kiran a ilimantar da 'ya'ya mata, kusan irin kiran da Virchow ya yi a Silesiya.

Kuma ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aƙalla 400, saboda gubar dalma. Zinariya ta yi tsada, mutane suna kawo duwatsu cikin gida ana daka ana niƙa, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, kuma ƙungiyar likitocin MSF ta zo da shi. Amma ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta sa masa gubar. Dole sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa. A Bagega sai 2013 aka saki kuɗin wannan aikin, yara suna jira, magani yana ajiye. Allah Sarki. Likitan da aka koya wa adadin ƙwayoyin da zai bayar kawai, me zai yi a Bagega?

Ra'ayina, kuma ɗalibai da malamansu suna iya yi mini gyara a ƙasa, matsalar ba ƙarancin awanni ba ce. Matsalar ita ce an ware fannin an ba shi ɗakinsa, sai sauran sassa suka ɗauka an sauke musu nauyi. Ɗalibi yana koyon abin da babban likita yake tambaya ne a zagayen safe. Idan a bakin gado an tambaye shi adadin gishirin jini, ba a taɓa tambayarsa nisan gidan majiyyaci da asibiti ba, ko wa zai sayi maganin bayan sallama, ko rijiyar da za a koma sha, to ya gane wanne ne ilimi wanne ne cikon benci, ko da an ba shi lacca 100. A takardar tarihin majiyyaci akwai gurbin da aka ware wa yanayin rayuwarsa. Ku ɗaliban ku faɗa mana gaskiya, me ake rubutawa a wurin? Yawanci layi ɗaya ne: ba ya shan taba, ba ya shan giya, yana da mata da 'ya'ya kaza. Tambayar da Ramazzini ya roƙa a ƙara tun 1700 ma, sau da yawa da kalma ɗaya ake amsa ta, a rubuta ɗan kasuwa a wuce, ba a tambayi ko fetur yake sayarwa a galan ko batir yake fasawa ba.

Masu suka suna cewa likita ba gwamna ba ne, ba zai iya haƙa rijiya ko ƙara albashi ba, don me za a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ga layin majiyyata har waje? Maganar tana da nauyi, musamman ga wanda ke duba mutum 80 a yini. Sai dai rahoton Virchow ma bai haƙa rijiya ko ɗaya a Silesiya ba a shekarar da ya rubuta shi. Abin da ya yi shi ne ya rubuta abin da ya gani, da suna da lissafi, a takardar da hukuma ba za ta ce ba ta karɓa ba. A Zamfara ma haka aka fara, wasu ma'aikatan lafiya da suka fita aikin sa ido kan sanƙarau ne suka lura cewa sababbin kaburburan yara sun yi yawa a ƙauyukan, kuma maganin zazzaɓin da ake ba su ba ya aiki, sai suka ɗebi jini suka aika gwaji.